Gado da Allurar Rigakafi: Me Ya Sa Jikin Wani Ke Amsawa Fiye da Na Wani?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye mata a layin rigakafi, da ɗaliban koyon jinya, da ma'aikatan lafiya a nan Kaduna. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, an kuma sa musu lamba don a iya komawa wata amsar daga wata.

1. Mene ne antibodi, kuma ina ruwansa da allurar rigakafi?

Antibodi wani furotin ne da ke yawo a cikin jini, akwai shi kuma a majina da yawu da nonon uwa. Siffarsa ta harafin Y ce. Bakunansa biyu su ke maƙale wa jikin ƙwayar cuta, ko dai su hana ta kutsawa, ko su yi mata alama sauran sojojin jiki su zo su gama da ita. Masu ƙera shi wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin B, asalinsu kuwa daga ɓargo.

Allurar rigakafi ba ta zuba wa mutum antibodi. Tana nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata kawai. Ƙwayoyin B da bakinsu ya dace da abin sai su taru a kaluluwa su yi ta hayayyafa. Wasu su koma masu zubo antibodi cikin jini, wasu su zauna ajiye shekara da shekaru suna jiran ranar da cutar gaske za ta zo. Shi ya sa kariya ba ta samuwa ranar da aka yi allura, sai an ɗauki kamar mako biyu.

2. To shi antibodin, gadonsa ake yi daga iyaye?

Kayan haɗinsa ake gada, ba shi kansa ba. Kamar yaron da ya gaji akwatin kayan gyara a Panteka ne: abin da ke cikin akwatin na ubansa ne, amma injin da zai haɗa da irin gogar da zai yi masa, nasa ne.

Kowane antibodi yana da sarƙa mai nauyi da sarƙa mara nauyi. Umarnin gado a ɗaure yake cikin wasu ƙunsuna masu lamba da ake kira kuromosom. Umarnin ƙera mai nauyin yana kan kuromosom na 14, na mara nauyin yana kan na 2 da na 22. A kan na 14 ɗin, umarnin a gutsuttsure yake: akwai guntaye wajen 40 masu aiki da ake kira V, sama da 20 da ake kira D, da guda 6 da ake kira J. Kowace ƙwayar B, tun tana cikin ɓargo, za ta ɗauki V ɗaya, D ɗaya, J ɗaya ta liƙa su, ta kuma ƙara ko ta rage 'yan haruffa a mahaɗar. Da wannan dabarar ne guntaye 'yan kaɗan ke haifar da antibodi iri-iri har biliyoyi. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, shi ya nuna haka a 1976, aka ba shi kyautar Nobel a 1987. Ko tagwaye masu kama ɗaya ba za ka tarar da tarin antibodinsu ya zama ɗaya sak ba.

3. In kowa da kansa yake haɗa nasa, ina bambancin gado ya shigo?

A cikin guntayen kansu. Guntu ɗaya yakan zo da samfuri daban-daban a tsakanin mutane, wani lokaci bambancin harafi ɗaya ne tak, amma ya faɗo daidai wurin da antibodi ke cafke cuta. Wani mutumin yana da guntun sau biyu ko sau uku, wani kuma an haife shi babu shi sam. Akwai ma bambancin da ba a cikin guntun yake ba, a gefensa yake, amma shi ke sa jiki ya yawaita ɗaukar wannan guntu ko ya riƙa tsallake shi. Wani bincike da aka buga a 2023 kan manya 154 a Amurka ya nuna cewa irin wannan gadon yana taɓa yawan amfani da fiye da rabin guntayen sarƙa mai nauyi.

Ga inda abin ya shafi rigakafi: in ƙwayoyin B da suka dace da allurar suna da yawa a jikinka tun farko, amsar takan zo da wuri da ƙarfi. In 'yan tsiraru ne, sai jiki ya ɗauki lokaci ko ya bi wata hanyar. Misalai suna amsa ta 5.

4. Akwai hujja cewa gado na shafar yadda allura ke kamawa, ko hasashe ne?

Akwai, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da aka fi ambata daga Afirka ta Yamma ta fito. A Gambiya an bi jarirai tagwaye, haihuwa 207, aka buga sakamakon a 2004. Aka gwada masu kama ɗaya da waɗanda ba su kama ba, tunda duk nono ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke kwana. Aka ƙiyasta cewa gado ne ke da kashi 77 cikin 100 na bambancin yawan antibodi bayan allurar ciwon hanta nau'in B, kashi 60 a ɗigon shan-inna, kashi 49 a mashaƙo, kashi 44 a tetanus. A lura da kyau: wannan ba yawan yaran da allura ta ƙi kama ba ne. Lissafi ne na dalilin da ya sa wannan yaron ya fi wancan yawan antibodi, alhali galibinsu duk sun samu kariya.

Da girma kuma lissafin yakan sauya. Wani binciken tagwaye, mutum 210, na Jami'ar Stanford a 2015, masu shekara 8 zuwa 82, ya gano cewa a manya amsar allurar mura ba ta bin gado sosai. Cututtukan da mutum ya ci karo da su a rayuwa su suka fi yin tasiri. Jariri ne gadonsa ya fi fitowa fili, domin jikinsa bai ga komai ba tukuna.

5. A kawo misalin guntun da aka tabbatar yana da tasiri.

Wanda aka fi sani sunansa IGHV1-69. Ƙwayar mura tana da wani furotin a jikinta mai kai da kara. Kan yana sauya kama duk shekara, karan kuwa kusan bai sauyawa, don haka antibodin da ya iya cafke karan yakan yi maganin mura iri da yawa. Yawancin irin waɗannan antibodi da IGHV1-69 ake ƙera su, amma sai samfurin da ke da wani sinadari da ake yi wa laƙabi da F a gurbi na 54. Wasu mutane L suke da shi a wurin. A 2016 an duba jinin waɗanda aka yi wa allurar murar tsuntsaye ta H5N1, aka ga masu F daga uwa da uba sun fi masu L biyu ƙera antibodin kara. Mutanen Kaduna ba baƙin H5N1 ba ne: a wata gonar kaji a Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006. Wani abin lura, a cikin 'yan Afirka da aka gwada, masu L biyu sun fi ƙaranci, masu guntun ninki-ninki sun fi yawa. Ke nan ba kullum ne bambancin ke zama naƙasu a gare mu ba.

Misali na biyu ya shafi ƙwayar Hib, mai jawo sanƙarau da ciwon huhu ga yara, wadda rigakafinta ke cikin allurar penta da Najeriya ta fara a 2012. Antibodin da ya fi iya mata yana amfani da wani guntu na sarƙa mara nauyi da ake kira A2. A 1996 an gano cewa da yawa daga ƙabilar Nabaho ta Amurka suna ɗauke da samfurin A2 da jiki ke wahalar liƙawa, kuma yaransu sun fi na sauran Amurkawa kamuwa da Hib nesa ba kusa ba. Talauci da cunkoso a gida ma suna da hannu, ba gado kaɗai ba. Da aka kawo allurar da ta dace kuma, cutar ta ragu ƙwarai a cikinsu, duk da guntun nan bai sauya ba.

6. In na rasa guntun da ya dace, allura ta tashi a banza ke nan?

A'a. Ƙwayar cuta tana da wurare da yawa da za a iya cafka, jiki kuma ba ya dogara da antibodi iri ɗaya. In hanya guda ta toshe, wasu ƙwayoyin B za su taso da wasu guntayen. Bayan haka, a cikin kaluluwa ƙwayoyin B suna sauya haruffan umarninsu da gangan, waɗanda kamunsu ya ƙaru su rayu, sauran su mutu. Antibodin da ya fara da rauni yana iya zama gwani bayan makonni. Kowace allura ta biyu da ta uku sabon zagaye ne na wannan tacewa. Ga kuma ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin jinin, waɗanda nasu aikin daban ne.

Ƙyanda ta isa misali. Allura ɗaya a wata 9 tana kare kimanin yara 85 cikin 100. Da ta biyu, wadda ake yi a wata 15, adadin yakan kai wajen 97. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, ya fi tsanani a Kano, ya kuma taɓa Kafanchan da Maƙarfi, yawancin yaran da suka kamu waɗanda ba a yi wa penta ba ne, wadda rigakafin mashaƙo ke cikinta, ko ba a kammala musu ba. A ganina, duk wanda ke neman dalilin da ya sa rigakafi ke gazawa a unguwanninmu, ya fara duba katin yaro kafin ya duba kuromosom ɗinsa.

7. Jinotayif ɗina AS ne. Yana cikin wannan maganar?

Ba ya ciki. AA da AS da SS labarin jajayen ƙwayoyin jini ne, umarninsu yana kan kuromosom na 11. Gwajin da ake yi kafin aure bai ce komai a kan antibodin da allura ke tayarwa ba, haka ma rukunin jini na A, B ko O. Mai AS yana amsa allura kamar kowa.

Mai sikila shi ne ke buƙatar ƙarin kulawa, shi ma ba don guntayen antibodinsa ba. Saifarsa ce ke lalacewa tun yana ƙarami, ita kuwa saifa ita ke tace ƙwayoyin cuta irin masu jawo ciwon huhu da sanƙarau. Don haka kada a tsallake masa ko ɗaya, a kuma tambayi likitan asibitin sikila game da ƙarin allurai.

8. Ni ma'aikaciyar jinya ce. An yi min allurar ciwon hanta sau uku, gwaji ya nuna ba ta kama ba. Gado ne?

Yana iya yiwuwa, Sista, domin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na manya masu lafiya ba sa kai ma'aunin 10 da ake nema a gwajin anti-HBs, wato awon antibodin ciwon hanta a jini, bayan allura uku. A nan gadon da aka fi kamawa da laifi shi ne na HLA, a kan kuromosom na 6. Aikin HLA shi ne ɗaga guntun ƙwayar cuta ya nuna wa ƙwayoyin T, su kuma su ba ƙwayoyin B izinin aiki. Wasu samfuran, irin su DRB1*03 da DRB1*07, ba sa riƙe furotin ɗin allurar hanta da kyau.

Amma kafin ki ɗora wa gado, duba wasu abubuwa. Yaushe aka yi gwajin? Wata 1 zuwa 2 bayan allurar ƙarshe ya kamata. In shekaru sun wuce, antibodi yakan ragu a jini alhali jiki bai manta ba. An yi miki gwajin HBsAg, mai nuna ko ƙwayar cutar tana jiki? Wanda cutar ke jikinsa tun farko ba zai nuna amsa ba, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita. A dantse aka yi ko a ɗuwawu? Ta ɗuwawu ba ta kamawa sosai. Allurar da ta daskare a firji ma ta lalace. Shekaru sama da 40, ƙiba, shan taba, ciwon suga da ciwon ƙoda duk suna rage amsa. In an kawar da waɗannan, akan sake zagaye na allura uku, kuma da yawa sukan amsa a karo na biyu. Wadda har yanzu ba ta amsa ba, ta sanar da wurin aikinta, don in allurar mara lafiya ta soke ta a ba ta antibodi na gaggawa.

9. Me ya sa ake ta maimaita ɗigon shan-inna ga yaro ɗaya?

Domin ɗigon sai ya hayayyafa a hanji kafin jiki ya amsa, hanjin yaranmu kuwa cike yake da wasu ƙwayoyin da ke gasa da shi. Gudawa, tamowa da rashin tsaftataccen ruwa sun sa kowane ɗigo ba ya kamawa a arewacin Najeriya da arewacin Indiya kamar yadda yake yi a Turai. Gado yana da nasa kaso, kamar yadda amsa ta 4 ta nuna, amma maganinsu duka ɗaya ne, wato maimaitawa, tare da allurar shan-inna ta cinya. Da haka aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna ranar 25 ga Agustan 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016.

10. Rigakafin da aka yi wa uwa yana bin jini zuwa ga ɗanta? Allura tana sauya ƙwayoyin gado?

Uwa tana ba ɗanta antibodi ta mabiyiya, musamman a watanni ukun ƙarshe na ciki, tana kuma ba shi wani nau'in ta dakashi da nono. Wannan aro ne, yakan ƙare cikin watanni. Shi ne dalilin yi wa masu ciki allurar tetanus, shi ne kuma dalilin jinkirta ta ƙyanda zuwa wata 9, don antibodin uwa yakan kashe ƙwayar allurar kafin jaririn ya koyi komai.

Sauyin haruffan da aka ambata a amsa ta 6 a cikin ƙwayoyin B kaɗai yake faruwa, ba ya isa ga maniyyi ko ƙwan mace. Guntayen da ka gada su za ka miƙa wa 'ya'yanka, ko an yi maka allura ɗari. Allurar korona ta mRNA ma ba ta shiga cibiyar da gado ke ajiye, jiki yakan narkar da ita cikin ɗan lokaci.

11. Akwai yaran da aka haifa ba sa ƙera antibodi sam? Auren zumunci yana jawo haka?

Akwai, amma ba su da yawa. Wani likita, Ogden Bruton, ya bayyana iri ɗaya a 1952: ƙwayoyin B ba sa nuna, cutar tana bi ta wajen uwa, 'ya'ya maza take kamawa. Yaron yakan yi lafiya har wajen wata 6, sai aron uwa ya ƙare, daga nan ciwon kunne mai ruwa, ciwon huhu da gudawa su yi ta dawowa. Wani iri mafi tsanani yakan zo in sinadaran RAG masu liƙa guntayen V, D da J sun lalace. Wannan sai yaro ya gaji matsalar daga uwa da uba, a nan ne auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Irin waɗannan yara bai kamata a ba su rigakafi mai rai ba, kamar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan-inna. In a gidanku an rasa jarirai a jere da ciwon da ya ƙi jin magani, ko miki na BCG ya bazu ya ƙi warkewa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin a yi wa sabon jariri, a tura ku ga likitan yara a Asibitin Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika.

12. Ba da jinin Turawa aka auna waɗannan alluran ba? Ya za a yi su dace da mu?

Tambayar tana da tushe. Ba a manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, ko da yake shi magani ne ba rigakafi ba, kuma yana cikin abin da ya rura ƙin ɗigon shan-inna a 2003. Sai dai da yawa daga alluran yau a jikin 'yan Afirka aka gwada su. MenAfriVac don yankinmu aka ƙera ta, aka fara ta a Burkina Faso a 2010, ta kusan shafe sanƙarau nau'in A. Allurar maleriya ta R21, wadda Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, an gwada ta kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya.

Inda giɓin yake shi ne taswirar gadon. Yawancin mutanen da aka karanta ƙwayoyin halittarsu Turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado. Shirin binciken gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, har da Birom na Filato, ya tarar da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Yankin antibodi na kuromosom na 14 ma ya fi wuyar karantawa saboda yawan maimaici, kuma da aka duba mutane ƙalilan a Afirka ta Kudu a 2015 an samu sababbin samfura gommai. Manyan ayyukan farko sun ɗauki jinin Yarabawan Ibadan da Esan na Edo. Waɗannan ba za su wakilci Bahaushe, Bafulatani, Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham da Adara na jihar nan kaɗai ba, balle ƙasa baki ɗaya.

13. Za a kai lokacin da sai an gwada gadon mutum kafin a yi masa allura?

Ga allurai na katin yara, babu buƙata, domin suna tayar da antibodi ta hanyoyi da yawa, duba amsa ta 6. Inda maganar ta zama dole shi ne sababbin alluran da ake ƙerawa don su nufi guntu guda. A neman rigakafin ƙanjamau, masana na son tayar da wani antibodi mai suna VRC01, wanda sai da guntun IGHV1-2 ake samunsa, shi ma samfurin *02 ko *04. A gwajin farko a Amurka, wanda aka buga a Disambar 2022, mutum 35 cikin 36 da aka yi wa allurar sun tayar da ƙwayoyin B da ake nema. Ɗayan da bai amsa ba, da aka duba, bai gaji ko ɗaya daga samfuran biyu ba. Masu *02 kuma sun fi masu *04 yawan ƙwayoyin farawa.

Wannan matakin farko ne kawai, bai zama allurar da ke hana ƙanjamau ba, akwai sauran allurai a jere da za su tura ƙwayoyin har su nuna. An yi makamancin gwajin a Ruwanda da Afirka ta Kudu, aka ga mafi yawan mahalartan sun amsa kamar na Amurka. A maleriya ma an lura cewa yawancin antibodin da ke cafke rigar ƙwayar, wadda R21 ke kwaikwayo, da guntun IGHV3-33 ake ƙera su, masu bincike kuma suna bin diddigin samfuransa a yankunan da sauro ya fi addaba.